Mai Jar Lema

Shafi na 31

Masu zagin Dogo a ƙarƙashin shafin jiya, na ga saƙonku, ku rage wani zagin don yau ma za ku neme shi. Ku kuma masu cewa "ai so ne ya yi masa yawa," ku matso gaba, ku nake so ku karanta wannan a tsanake.

*

Tun hantsi ruwa ke wasa da mutane, ya ɗauke ya dawo, har dai da rana ya ɓalle gaba ɗaya. Auta na tsaye bayan kantar shagon tabarau tana goge gilasan da babu ko ƙura a jikinsu, don dai hannunta ya sami abin yi. Hannun hagun ne ma ke aikin kirki. Yatsu biyu na dama har yau a naɗe suke da bandeji, tun ranar da mijinta Dogo ya datse su da ƙofar ɗaki, ya ce zai ga da me za ta ƙara shafa kunnen maza. Tun ranar take gidan yayanta.

Yayan ne ma zaune a kujerar masu jira, garin katako duk a gashinsa, ya baro shagon kafintarsa ya kawo mata abincin rana.

"Ki ci mana. Antinki ta ce in na koma da kwanon nan da nauyi, ni za ta tuhuma."

"Zan ci, Yaya."

"Haka kika ce jiya. Magen maƙwabta ce kawai ke ƙiba a gidan nan."

Ta yi ɗan murmushi, iyakarsa leɓe.

Ya kalli bandejin, sannan ya sassauta murya.

"Ya sake kira?"

"Na rufe lambarsa."

"Ba abin da na tambaye ki ba ke nan, Auta."

Ta ajiye tsumman.

"Yana kira da wasu lambobin. Ba ya cewa komai. Numfashinsa kawai nake ji."

Yaya ya girgiza kai, ya miƙe.

"Ina Likita? Ta bar miki shagon nata ke kaɗai?"

"Ta je ɗauko yara a makaranta, ruwa ya tsare ta."

"To in na fita ki kulle ƙofa."

"Haba Yaya, shago ne fa. In na kulle, masu saye ta rufi za su shigo?"

"Bakin nan naki dai bai karye ba." Ya leƙa waje, ya ja tsaki. "Dubi ruwa don Allah. Na bar ƙofofin mutane a waje ban shigar ba, yanzu sun sha sun ƙoshi."

Ta sunkuya ta zaro wata babbar jar lema daga ƙarƙashin kanta ta miƙa masa.

"Ta wa ce wannan? Ai daga ƙarshen titi za a hango ni."

"Ta Malam ce, malamin lissafin nan mai furfura. Ɗazu ya zo na ɗaure masa hannun tabarau, jikarsa ta sake fizgewa. Da ruwa ya tsagaita ya fita ya manta ta. Ka dawo da ita in ka zo ɗaukata."

"Kada ki taka ko'ina sai na zo."

"To, Yaya."

Ya buɗe lemar a bakin ƙofa, ya dunƙule a ƙarƙashinta, ya bi gefen titi ya nufi kwanar gidan mai. Ta bi jar lemar da kallo ta cikin gilashin ƙofa har ruwa ya haɗiye shi. Sannan ta zauna ta buɗe kwanon, ta kalla, ta mayar ta rufe.

Ba a wani jima ba ta ji mota ta tsaya a gefen shago, ta yadda gabanta ke fuskantar bango. Ba ta ɗago ba. Sai da aka turo ƙofa, aka mayar aka rufe, ta ji ƙarar makulli yana juyawa.

Ta ɗago.

Dogo ne, jiƙe sharkaf, rigar aikinsa ta kamfanin kai kaya ta manne masa a jiki. Ya zare makullin ya jefa a aljihu, ya laluba bango ya kashe fitila. Idanunsa a tsuke suke irin na wanda ba ya gani da kyau, kuma ba ya ganin. Tabaraunsa ya karye ne a daren da ya datse mata yatsu, shi da kansa ya taka shi garin kokawa.

"Idona," ya ce a hankali, sunan da yake kiranta da shi tun suna saurayi da budurwa.

"Buɗe ƙofar nan."

"Ko sannu da zuwa babu?"

"Likita na hanya. Yaya ma yanzu zai dawo."

Hannunta na lalubar waya a kan kantar, amma nasa ya riga nata. Ya ɗauke ya sa a aljihun da makullin yake.

"Ba faɗa na zo ba. Wallahi yau ba faɗa na zo ba. Aiki na kawo."

Ya zaro hankici ya warware a gabanta. Tabaraunsa ne, hannu ɗaya a lanƙwashe, gilashin dama a cire.

"Gyara min."

"Shagon tabarau nawa ne a garin nan?"

"Ba wanda zai taɓa min fuska sai ke."

"Kana nufin duk kwanakin nan a haka kake tuƙi?"

"Ina ganin kala. Ja, fari, baƙi. Ya ishe ni."

Ta kalle shi. Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne yadda fuskarsa take a sake. Ta saba da Dogon da jijiyar wuya ke tashi, Dogon da ke buga ƙofa. Wannan kuwa murmushi yake yi kamar wanda ya sauke kaya daga ka.

"In na gyara za ka tafi?"

"Gyara tukuna."

Ta jawo akwatin kayan aiki. Ta kunna na'urar da ke ɗumama hannun tabarau don ya lanƙwasu ba tare da ya karye ba, ta ɗauki 'yar filaya. Yatsun suka ƙi riƙewa, zafi ya harba mata har kafaɗa. Ta cije leɓe ta koma hannun hagu.

Ya jawo kujerar da Yaya ya tashi daga kai, ya zauna dab da kantar.

"A nan na zauna ranar farko. Kin tuna?"

Ta ci gaba da miƙe hannun tabaraun.

"Na shigo ina jin haushin duniya, an ce in ban sa tabarau ba za a karɓe min mota. Kika ce, 'Ɗago kanka.' Kika matso har ina jin numfashinki. Kika sa min, kika bi bayan kunnena da yatsa, kika ce, 'Yana matse ka?' Kika kalli cikin idona kika ce, 'Ni za ka kalla, kada ka kalli wani wuri.'"

"Haka ake auna tsakiyar ido. Aikin ke nan."

"Na fita daga shagon nan ban san inda na ajiye mota ba."

"Dogo, na gaya maka ya fi a ƙirga. Kowa haka nake yi masa. Tsoho, yaro, mace, namiji."

"To ai shi ne!" Ya buga kantar, gilasai suka yi ƙara. Nan take ya sake sassautawa. "Ai shi ne, Idona. Ni na san abin da mutum ke ji in ya zauna a kujerar nan. Ba labari aka ba ni ba. In ni na ji, don me su ba za su ji ba? Itace ne su?"

Jama'a, ku ji fa. Abin da ya sa ya so ta, shi ne laifin da yake hukunta ta a kai. Da farkon auren kyautar turare yake zuwa da ita shagon, yana tsayawa a waje yana jiran ta tashi, har abokan aiki na yi mata tsiya. Daga baya tsayuwar ta koma gadi. Ya san wa ya shiga, ya san wa ya jima, ya san wa ya fito yana dariya. Ita kuma ta daɗe tana kiran abin so, don tana jin kunyar kiransa da sunansa.

Ta mayar da gilashin cikin gurbinsa, ta ɗauki ɗan sukundireba tana ɗaure notin.

"Amma komai ya wuce yanzu," in ji shi. "Yau na huta. Ke ma kin huta. Ki tattara kayanki mu koma gida."

"Ba inda zan koma."

"Za ki koma. Abin da ya shiga tsakaninmu ai na kawar da shi."

Hannunta ya tsaya.

"Me ka kawar?"

"Mutumin naki."

"Wane mutum?"

"Kada ki mai da ni yaro. Wanda kullum tabaraunsa a lalace. Yau noti, gobe hannu, jibi hanci. Wane irin tabarau ne wannan da ba ya kwana lafiya?"

"Malam? Dogo, ka ji tsoron Allah! Mutumin nan ya haife ni. 'Yata yake ce min. Jikarsa ce ke fizge masa."

"Jikarsa." Ya yi dariya ta hanci. "Tun safe nake fake a tsallaken titi. Na ga shigarsa da jar lemar nan tasa. Na ɗan kau da kai aka kira ni daga ofis, na juyo ban ga fitarsa ba. Na ce to, yau a ciki zai yini ke nan. Na zauna ina jira, cikina na ci da wuta. Ina tunanin hannunki a kunnensa. Ina tunanin me kuke faɗa. Sai ɗazu ga ta ta fito."

Ɗan sukundireban ya sulale daga hannunta ya faɗi ƙasa.

"Me ta fito?"

"Lemar. Na bi shi a hankali har kwanar gidan mai, inda babu mutane. Sai na taka."

"Ka taka me?"

"Mota, Idona. Me ake takawa?"

Shagon ya juya mata. Ta dafa kantar da hannun mai ciwon ba ta ma ji zafin ba.

"Yaya ne."

"Me?"

"Yaya ne ya fita da lemar! Malam ya tafi tun ɗazu, ya manta ta! Ni na ba Yaya da hannuna! Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Dogo, ka kashe min Yaya!"

Ta zagayo kantar a guje ta yi ƙofa. Ya tare ta da hannu ɗaya, ya mayar da ita baya kamar 'yar tsana.

"Kin gani ko? Kin ga yadda jikinki ke rawa a kansa? Har da ƙaryar Yaya."

"Wallahi tallahi Yaya ne! Ga kwanon da ya kawo min! Dube shi, na Anti ne, ka san shi!"

Ya tsuke ido wajen kantar.

"Kwano dai kwano ne."

"Ba ni makulli! Don girman Allah ba ni makulli, ƙila yana da rai!"

"Ki je wajen tsohon ki rungume shi a titi, mutane na kallo? Ina raye?"

Ta durƙusa a gabansa. Auta da ko a gaban mahaifinta ba ta iya roƙo ba, ta kama ƙafar wandonsa jiƙaƙƙe.

"Ba ni wayar kawai. Kira Yaya da kanka. In ya ɗauka, na yarda ka yi min duk abin da kake so."

Ya kalli saman kanta. Sannan ya ɗauko tabaraun daga kan kantar ya miƙa mata.

"Sa min."

"Dogo..."

"Sa min yadda kike sa musu. Yadda kika sa min ranar farko. Kada ki rage komai. In kin gama in ba ki makulli."

Ya koma ya zauna, ya ɗago haɓa, ya rufe ido yana jira.

Ba ta taɓa tsanar aikinta ba sai a wannan lokacin. Ta miƙe, hawaye na zuba har ba ta ganin fuskar da ke gabanta. Ta buɗe hannuwan tabaraun, ta zura masa a gaggauce.

"Ba haka ba. Cire. A hankali."

Ta cire. Ta sake sawa a hankali, yayanta na kwance a titi cikin ruwa.

"Kunnen."

Ta bi bayan kunnensa da yatsun da ya datse. Ya sauke ajiyar zuciya.

"Tambaye ni."

"Yana... yana matse ka?"

"A'a. Saura ɗaya."

"Ni za ka kalla." Muryarta ta karye. "Kada ka kalli wani wuri."

Ya buɗe ido. Ya ƙura mata su ta cikin gilashi, yana kallon ta tar a karon farko tun da ta bar gidansa.

"Kin rame," ya ce, har da tausayi a muryar.

"Makullin."

Bum! Bum! Bum!

Aka buga ƙofar shagon da tafin hannu.

Kafin ta buɗe baki ya toshe shi da hannunsa, ya ja ta baya, bayan babban katakon da ake jera tabarau a kai, kusa da ƙofar ɗakin gwajin ido. Daga nan suna hango ƙofar waje ta tsakanin jerin, na waje kuwa duhu kawai yake gani.

"'Yata! 'Yata, kina ciki?"

Wani dattijo ne tsaye cikin ruwa, babu lema, furfurarsa ta kwanta a ka, ya kafa hannu a gilashin yana leƙe.

Ta ji jikin Dogo ya sandare a bayanta. Ya sa ɗayan hannun ya gyara zaman tabaraun, ya ƙara duba. Malamin lissafi ne, da ƙafafunsa biyu, ko ƙwarzane babu.

"'Yata, in kina ji ki buɗe! Na dawo ɗaukar lemata na tarar da ita a kwanar gidan mai! Mota ta kaɗe wanda ke riƙe da ita, ta gudu! Yana numfashi! Yana ta kiran Auta, yana cewa shagon tabarau!"

Ta yi wani yunƙuri, ƙarar ta mutu a tafin hannun Dogo. Yana numfashi. Yaya yana numfashi.

"An kira motar asibiti, an ce ruwa ya cinye gada, sai sun zagayo! Motoci sun ƙi tsayawa, kowa na tsoron a ce shi ya kaɗe shi! Jini yake zubarwa, 'yata!"

Malam ya sake bugawa, ya juya yana duban titi, ya dawo ya sake leƙawa.

Hannun Dogo ya yi sanyi a bakinta. Ta ji ƙirjinsa na bugawa a bayanta.

"Yaya," ya ce can ƙasa. "Yaya ne da gaske."

Ta gyaɗa kai da ƙarfi. Ya ɗan sassauta hannun, ta sami kafar raɗa.

"Ka ji ai. Yana da rai. Mu je, ga motarka, mu kai shi. Ba wanda zai sani. Na rantse ba wanda zai ji daga bakina."

"Mutumin da ya tsaya min a aurenki. Ranar da kowa ya ce direba ne, shi ya ce a ba ni." Hawayensa na bin ƙasan gilashin da ta gama gyarawa. "Me ya kai shi ɗaukar lemar wani?"

"Kuskure ne. Mu tafi, Dogo, lokaci na tafiya."

"Ke kika ba shi."

"Ni ce. Laifina ne. Na ɗauka. Mu tafi."

Ya yi shiru. Ta ɗauka shirun nadama ne, har ta fara jan hannunsa wajen ƙofa. Sai ta ji yatsunsa sun sake ƙarfi a damtsenta.

"Ya juyo."

"Me?"

"Kafin in same shi ya juyo. Ban ga fuskarsa ba, amma na ga lemar ta ɗaga. Shi ya gan ni. Idonsa lafiya lau."

"Bai gan ka ba, ruwa ake..."

"Ya san motar. Shi ya buga min katakon bayanta da hannunsa."

"Ba zai faɗa ba! Zan roƙe shi, Yaya ba ya ƙin maganata!"

"Yayan da ya ce in na ƙara zuwa ƙofar gidansa sai ya sa an ɗaure ni? Yana buɗe baki a asibiti, an gama. Su rufe ni. Ke kuma ki zauna a nan, kullum wani ya zo ya zauna a kujerar nan, ki ce masa ni za ka kalla. Ni ina can ina ƙirga sanduna."

"Zan bar aikin! Yau ɗin nan! Zan koma gidanka, ka kulle ni, ka jefar da makullin, ko taga ba zan leƙa ba. Ka bar min Yaya kawai."

Ya juyo da ita suna fuskantar juna.

"Na roƙe ki ki bar aikin nan har na gaji. Na yi kuka. Na yi rantsuwa. Kika ce sai dai in mutu. Yau saboda shi, ko gardama babu."

"Yayana ne! Uwa ɗaya uba ɗaya!"

"Shi ma kin fi sonsa a kaina."

"Dogo, kai mahaukaci ne?"

"Duk wanda ya zo, yana gabana. Tsoho yana gabana. Yaya yana gabana. Ni ne na ƙarshe kullum, ni da ba ni da kowa sai ke."

A waje Malam ya ɗaga murya yana kiran wata mota da ta wuce ta watsa masa ruwa.

Auta ta cika ƙirjinta da iska za ta ƙwalla ihu. Dogo ya riga ta. Ya maƙure ta da hannu ɗaya, ya tura ƙofar ɗakin gwaji da ƙafa, ya wurga ta ciki. Ta faɗi a jikin kujerar gwajin, goshinta ya bugi ƙarfe. Ɗakin ba shi da taga, don a duhu ake duba ido, sai ɗan gilashi mai kauri a jikin ƙofar, bai fi tafin hannu ba.

Ya tsaya a bakin ƙofar.

"Zan kai shi asibiti," ya ce. "Hanya ce dai ba kyau. An ce ruwa ya cinye gada."

"A'a! A'a, Dogo!"

"Tsohon ma zai raka mu, ai dole wani ya riƙe mara lafiya. Ki huta, Idona. In na dawo, daga ni sai ke."

Ya ja ƙofar, ya murza makullin da ke jikinta ta waje.

Ta rarrafa ta miƙe, ta hau dukan ƙofar da hannu biyu, har da mai bandejin.

"Malam! Malam, ina ciki! Shi ne! Kada ka shiga motarsa!"

Sai injin yankan gilashi ya tashi a ɗakin aiki da ƙararsa mai tsaga kunne. Dogo ya sha zama yana kallon ta tana aiki, ya san inda ake kunnawa. Ƙarar injin ta haɗu da ta ruwa a kan rufin kwano, ita kanta ba ta jin muryarta.

Ta manna fuska a ɗan gilashin.

Ta ga Dogo ya goge fuska, ya gyara wuyan riga, ya buɗe ƙofar shago. Ta ga Malam ya yi baya da mamaki, sannan ya fara magana da sauri yana nuna kwanar gidan mai. Dogo ya dafa ƙirji, ya ɗora hannu a ka irin na wanda aka gaya wa mummunan labari. Ya nuna kansa, ya nuna cikin shago, ya nuna motar. Ba sai an gaya mata me yake cewa ba: ni mijinta ne, ba ta nan, wanda aka kaɗe surukina ne, ga mota.

Malam ya kama hannun Dogo da hannu biyu yana jijjigawa, bakinsa na sa albarka.

Ta ɗauko wani ƙarfen gwaji daga tebur ta maka wa gilashin. Ko tsagewa bai yi ba. Ta sake makawa. Bandejin ya jiƙe da jini.

Malam ya ɗan juyo, kamar ya ji wani abu. Fuskarsa ta fuskanci ƙofar ɗakin gwaji sak.

"Nan! Malam, nan! Dube ni!"

Ruwa ya rufe masa tabarau. Ya cire shi, ya kama gefen rigarsa jiƙaƙƙiya yana gogewa, yana kallon wajenta da idanun da ita ta fi kowa sanin ba sa ganin abin da ya wuce tsawon hannu.

Dogo ya dafa kafaɗarsa, ya juya shi a hankali wajen titi. Ya kulle shagon ta waje. Ya buɗe wa dattijon ƙofar gaba, har da riƙe masa hannu ya hau.

Ya zagaya ya shiga, ya tayar da mota, ya juya kanta wajen kwanar gidan mai, inda Yaya ke kwance yana jiran wanda zai taimake shi.